Shin Na'ura Za Ta Iya Auna Tsoronka?

Idan ka je asibiti da faɗuwar gaba da rashin barci, tambayoyi likita zai yi maka, wataƙila da takardar GAD-7 mai tambaya bakwai. Sakamakon ya dogara ne da abin da ka faɗa, kuma da yawanmu ba ma son a ce mana matsorata.

Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2009 cibiyar NIMH ta Amurka ta fara tsarin RDoC, don a riƙa jin ta bakin jiki shi ma. A ɗakin bincike ana nuna wa mutum hotuna masu tayar da hankali, sai a saki ƙara kwatsam a kunnensa, a auna ƙarfin ƙiftawar idonsa. Ana kuma duba bugun zuciya da gumin tafin hannu.

Sai dai fa abin da jiki ya nuna da abin da baki ya faɗa ba sa yawan zuwa ɗaya. Ma'aunan suna bambance rukunin mutane a bincike, amma ba su kai matsayin tabbatar da ciwo a kan mutum guda ba. Saboda haka kada agogon hannu mai nuna maka "damuwa" ya ɗaga maka hankali. Goro, shayi mai kauri, ƙarancin jini da wani nau'in ciwon maƙoƙo duk suna sa zuciya gudu.

Idan fargaba ta shafe makonni tana hana ka aiki ko barci, je ka ga likita, ka faɗa masa duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.