Wasan Ɗan Leƙen Asiri A Ofisoshin Mubi

Akwai wani wasa da ya shigo wa ma'aikata ta wayar hannu, wanda ya kamata mu dube shi tun bai zama jiki ba. A zauren WhatsApp na wurin aiki ake yin sa. Mai raba wasa zai aika wa kowa sunan wuri guda a asirce, kamar asibiti ko tashar mota, sai mutum ɗaya da za a hana shi sani. Shi ne ɗan leƙen asiri. Daga nan sai a shiga yi wa juna tambayoyi. Masu sani suna neman su gano shi ba tare da sun tona sunan wurin ba, shi kuwa yana kame-kame yana tsintar maganarsu, ko ya dace ya faɗi wurin kafin a cafke shi.

Asalinsa daga Rasha ne. Wajen 1986 wani mai nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Mosko, Dimitri Davidoff, ya ƙago wasan Mafia, inda 'yan tsiraru masu sani ke yaudarar jama'a marasa sani. A 2014 kuma Aleksanda Ushan ya fito da Spyfall, na kati, wanda mutum uku zuwa takwas ke bugawa cikin minti takwas. Ba na musun amfaninsa. Yana koya wa mutum sauraro da auna kalma, abin da da yawa cikin manyanmu ke bukata.

Amma wani aboki da ke aiki a Mubi ya nuna mini yadda suke yi a nasu ofis, sai jikina ya yi sanyi. A daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga Wuro Patuji suna kiran mutane da sunayensu, suka kashe fiye da ashirin, yawancinsu ɗalibai. Tambayar da ta bi gari ita ce, wa ya ba da sunayen? A ƙarshen Oktoba 2014, shekarar da Spyfall ya fito, Boko Haram suka kama garin suka sa masa suna Madinatul Islam, sai tsakiyar Nuwamba aka ƙwato shi. Da mutane suka komo, maƙwabci ya riƙa kallon maƙwabci da zargi. A gari irin wannan, a rubuta cewa wane ɗan leƙen asiri ne ba ƙaramar magana ba ce.

Ga shi kuma rubutu ba ya bin iska. Wani na iya ɗaukar hoton layi ɗaya, ya yanke dariyar da ke gabansa da bayansa, ya tura inda ba a san wasa ake yi ba. Wa zai je ya yi bayani a can? Ban da wannan, ina masinjan da zai dubi shugaban sashe ya ce da shi, "Ranka ya daɗe, ƙarya kake yi"? Shiru zai yi, shirun nan kuwa shi zai sa a zarge shi.

In dai sai an yi, to, a buɗe wa wasan zaurensa dabam da na aiki, a kira wanda aka ɓoye wa wurin baƙo maimakon ɗan leƙen asiri, a goge saƙonnin da zarar an tashi. Shugaban ofis kuma ya tsaya a raba wasa.