Wanda Ya Rage Kwalba Ba Mayaudari Ba Ne

Daga Ikara zuwa Maƙarfi har Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, hukunci ɗaya ake yanke wa mai shan giya: ko ya daina yau ɗin nan, ko a sallama shi. Idan ya ce da kwalba shida yake sha, yanzu ya dawo biyu, sai a tsuke baki, wai ai mashayi mashayi ne. Wannan magana tana kama da tsoron Allah, amma ita ce ke mayar da mutane mashaya, wasu ma ta kai su kushewa.

Jikin da ya shekara yana shan barasa kullum ba ya yarda a yanke masa ita farat ɗaya. Cikin yini guda makyarkyata da gumi za su fara, wani ya faɗi yana jijjiga, zuwa kwana na biyu ko na uku ya rikice yana ganin abin da babu, kuma wannan matakin yana kisa. A gida sai a ce iska ce. Saboda wannan hatsarin ne a asibiti, irin na koyarwa da ke Shika ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, ake ba mutum magani mai kwantar da jijiya, ana janye shi sannu a hankali. Mu kuwa maganinmu ɗaki da kwaɗo, ko gidan mari. Mun ga inda wannan hanya take kaiwa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sasari a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya.

Malam zai ce giya haramun ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta. Haka ne, hukuncin ya cika tun saukar ayar Ma'ida, kuma ba wanda ya ce kwalba biyu halal ce ga Musulmi. Abin da ake jayayya a kai shi ne yadda za a kai mutum ga dainawa. Haramcin kansa mataki-mataki ya zo: aka fara nuna cutarwarta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, kafin a rufe ƙofa. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kamawa da shan giya, amma Annabi (SAW) ya hana a la'ance shi. Ina muka samo tsananin da ya fi wannan?

Akwai ƙorafin da ya fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu adadin barasar da ba ya cutarwa, kuma akwai wanda da zarar ya kurɓa ba ya iya tsayawa. Irin wannan, da mai ciwon hanta, da mai juna biyu, ba su da zaɓi sai dainawa gaba ɗaya. Amma ba kowa ne haka ba. Tun 2013 Turai ta amince da maganin nalmefene, don rage sha kawai. Manomin da ya rage, kuɗin rakensa za su isa gida, hawan jininsa ya sauka, ya kuma yarda ya sake zuwa asibiti tunda ba a kore shi ba. Daga nan ne wasu suke ƙarasa dainawa. Ɗaliban kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, waɗanda su ne za su zauna a ƙananan asibitocin ƙauyukan nan, ya kamata a koya musu tambayar mutum kwalba nawa yake sha a rana, su rubuta, su ce ya dawo mako mai zuwa a sake ƙirgawa.