A Koyar da Jiyya da Kiɗa, Amma a Fara Neman Mai Sa Ido

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya yi kudu, ya karkata zuwa Barnawa, zai iske babban asibitin nan na Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da taɓin hankali. Can ake kai marasa lafiya daga wannan jiha da maƙwabtanta, kuma asibitin yana da makarantar da ke ba ma'aikatan jiyya ƙarin horo a wannan fanni. Abin da nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai, da waɗanda suka riga mu kama aikin gwamnati, shi ne cewa ya dace ɗaya daga cikin jami'o'in jiharmu ta haɗa kai da wannan asibiti ta soma koyar da ilmin jiyya da kiɗa da waƙa. Sai dai ina da sharaɗi guda, wanda a wurina ya fi shawarar ita kanta nauyi: kada a ɗauki ɗalibi ko da ɗaya sai an tanadi malamin da zai tsaya a bayansa a lokacin da yake gaban majiyyaci.

Na san akwai masu dariya, waɗanda za su ce ashe an zo zamanin digirin kalangu. To, su ɗan saurara. Jiyya da kiɗa daban take da kai makaɗi asibiti ya nishaɗantar da mutane ranar Salla ko Kirsimeti. Aiki ne da ake tsarawa don mutum guda ko ƴan mutane kaɗan, bayan an san ciwonsu, an yanke abin da ake nema, kana a riƙa rubuta abin da ya faru a kowane zama. Alal misali, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana sau da yawa yana iya rera kalmar da ya kasa furtawa, kuma tun 1973 likitoci a birnin Boston suka tsara hanyar bi ta kan rerawa a komo da magana. Mai ciwon karkarwa da ƙafarsa ke sarƙewa yakan daidaita takunsa idan ana buga masa amo mai tsari. Da irin wannan aiki aka taimaki Gabrielle Giffords, ƴar majalisar dokokin Amurka da aka harba a kai a 2011, wajen sake koyon magana.

Abin kuwa ba baƙo ba ne. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin yadda Dawuda yake kaɗa wa Sarki Saul molo idan ransa ya dagule. Al-Farabi ya yi babban littafi a kan kiɗa, Ibn Sina kuma ya yi bayanin tasirin sauti a kan mara lafiya. A asibitin da Sarkin Musulmin Turkawa Bayazid na Biyu ya gina a Edirne, wanda aka gama a 1488, matafiyin nan Evliya Celebi ya ba da labarin makaɗa da mawaƙa goma da ke zuwa sau uku a mako saboda majiyyata. Shigarsa jami'a ce ta zo daga baya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu makaɗa sun riƙa shiga asibitocin soja a Amurka, likitoci suka ga alfanun abin, suka kuma ga cewa makaɗin da bai san asibiti ba yana iya yin ɓarna. Dalili ke nan aka buɗe karatun digiri na farko a jami'ar Michigan State a 1944, aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1950. A nahiyarmu, Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ta fara digiri na biyu a fannin a 1999.

Kada kuma a zaci ina cewa kiɗa maganin kome ne. A Finland an yi gwaji da mutum 79 masu ciwon damuwa mai tsanani, aka buga sakamakon a 2011, waɗanda aka haɗa wa jiyyar kiɗa da maganin da aka saba suka fi samun sauƙi. Amma a 2017 an buga wani gwajin da ya fi shi girma, na yara 364 a ƙasashe tara, masu lalurar nan da ke hana yaro cuɗanya da mutane, kuma ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba a kan tsananin alamun ciwon. Ga inda ya ci, ga inda ya gaza. Ɗalibin da aka koya wa labarin farko aka ɓoye masa na biyu, mai tallan magani a tasha aka yaye.

Me ya sa na nace a kan kudancin Kaduna? Sabili da a nan buƙatar take a fili. Masaƙar Kakuri ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari babu abin yi, kuma ƴaƴansu su ne tsararrakinmu. Rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 sun raba gari biyu, har kogin ya zama kamar iyaka. A Yulin 2021 an sace ɗalibai sama da 100 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a shekarar da aka yi irin wannan a Afaka da Jami'ar Greenfield. Ga kuma shaye-shaye, wanda ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Yaron da ya yi watanni a daji a hannun masu bindiga ba lalle ne ya iya zama gaban likita ya zayyana abin da ya gani ba. Wani lokaci hannunsa a kan ganga yakan riga bakinsa magana. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ƙalilan ne ƙwarai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka duk wani ƙwararren hannu da zai rage musu nauyi abin maraba ne.

Amma fa wannan buƙata ita ce kuma take tsorata ni, domin inda buƙata ta yi yawa nan ƴan damfara ke kafa rumfa. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da ƴan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da mari a ƙafa, alhali iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu su. Da sunan taimako aka yi wannan, a inda babu idon da ke dubawa. Kiɗa ba mari ba ne, na yarda, amma yana da tasa cutarwar, kuma a nan ne batun mai sa ido ya shigo.

A ɗauka an tura ɗaliba ƴar aji uku ɗakin mata a asibiti, ta tara mutum shida, ta ɗauko waƙar da take ganin kowa zai ji daɗinta. A Barnawa ko Sabon Tasha ko Narayi, mutum shidan nan suna iya zama Bagwariya da Bajju da Bahaushiya da Ibo da Bayarabiya da Tibi, wasu masallaci wasu coci. Waƙar da ta kwantar wa ɗaya hankali tana iya zama wadda aka rera a jana'izar ɗan ɗayar. Bugun ganga mai ƙarfi da ya farkar da wadda ta yi kwanaki ba ta motsi, yana iya tuna wa ta kusa da ita daren da aka shigo unguwarsu. Sai mace ta fashe da kuka, ko ta sandare. Me ɗalibar za ta yi? Ta tsaya, ko ta ci gaba a hankali, ko ta sauya amo, ko ta kira ma'aikaciyar jiyya? Babu littafin da zai amsa mata a wannan daƙiƙa. Abin da zai cece ta, ya ceci majiyyaciyar, shi ne malamin da ke zaune a kusurwar ɗakin, wanda ya taɓa ganin irin wannan sau da dama.

Aikin malamin bai ƙare a ɗakin ba. Bayan an tashi zai zauna da ɗalibar su bi zaman daki-daki, ya tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan waƙa, me ta lura da shi a fuskar wance, me ya sa ta hanzarta kiɗan daidai lokacin da ya kamata ta sassauta. Sau da yawa amsar ita ce tsoro ne ya kama ta, ko kuwa sha'awar a yaba muryarta. Wannan ciwo ne na duk wanda ya iya waƙa, domin ya saba a saurare shi, a nan kuwa shi ake so ya saurara. Zai duba rubutunta ya ga ko ta rubuta abin da ya faru ne ko abin da take fata ya faru. Zai koya mata riƙon asiri, musamman a wannan zamani da kowa ke da wayar ɗaukar hoto a aljihu, ga kuma marmarin a nuna wa duniya an yi aikin alheri. Har wa yau shi ne zai lura idan labaran da take ji sun fara hana ta barci, domin ita ma ƴar garin ce, wataƙila nata gidan ma bai tsira ba.

Waɗanda suka riga mu sun auna wannan da awo. A Amurka ana buƙatar ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,200 na aiki da majiyyata a ƙarƙashin kulawa, 900 daga ciki a zaman sanin makamar aiki, kafin ya zauna jarrabawar shiga sana'a. A Ingila da Afirka ta Kudu sai mutum ya yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiya. Mu ma ai mun san tsarin. Likita yakan yi shekara guda a ƙarƙashin manya kafin a sakar masa mara, ɗalibin malanta kuma yakan yi koyarwar gwaji. Sai dai kowa ya san yadda koyarwar gwajin takan kasance a wasu wurare: mai dubawa ya leƙo sau ɗaya a zango, ya yi minti goma, ya sa hannu, ya karɓi kuɗin mota. Idan haka za a yi wa jiyya da kiɗa, gara a bar ta a inda take.

Saura maganar da ake yi a ƙasa-ƙasa, wato bori. Duk Bahaushen da ya ji an haɗa kiɗa da magani, garaya da goge da girka ne za su faɗo masa a rai, kuma iyaye da yawa ba za su bar ɗansu ya kusanci abin ba. Ni a ganina jami'a kada ta yi kamar ba ta san da wannan tarihi ba. Fremont Besmer ya buga littafi a kansa a 1983, kuma ya kamata ɗalibi ya karanta shi kamar yadda ɗalibin haɗa magunguna ke nazarin saiwoyi ba tare da ya zama boka ba. Amma a bayyana wa jama'a iyaka ƙarara, cewa a ɗakin jiyya babu kiran iska, babu yanka, babu alkawarin warkarwa. Haka nan wanda imaninsa bai yarda da kayan kiɗa ba, kada a matsa masa. Akwai murya zalla, akwai tafi, akwai rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba ganga, irin wadda malamanmu suka gada tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Wanda ya ƙi duka, a ƙyale shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tsaya a kan haƙƙin mara lafiya da neman amincewarsa. Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro tun 1954 cewa ana iya shigo da dangi da ƙauye da al'ada cikin jiyya ba tare da an zubar da ilmin likitanci ba.

Kayan aikin koyarwa kuwa muna da rabinsu. Jami'ar Nsukka tana koyar da kiɗa tun 1961, kuma masana irin su Farfesa Charles Aluede na Ekpoma sun yi rubuce-rubuce a kan warkarwa da kiɗa a al'adun ƙasar nan. A Zariya da Kano an daɗe ana nazarin waƙar baka: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988. Idan jami'a ta iya sa wa mawaƙi hular dakta, ban ga abin da zai hana ta tambayar abin da waƙarsa ke yi wa mai kwance a gado ba. Rabin da ya rage shi ne mutanen da suka iya kiɗa suka kuma san asibiti.

Saboda haka a fara da su, ko da za a ɗauki shekara uku ba a buɗe aji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi mutum huɗu ko biyar daga cikin ma'aikatan jiyya da masana halayyar ɗan Adam waɗanda suke da kunnen kiɗa, a tura su Pretoria ko wani wuri makamancinta da kuɗin asusun TETFund ko na jiha, bisa yarjejeniyar za su komo su yi aiki a Barnawa. Su fara aiki da majiyyata tukuna, su gane abin da kalangu da molo da gangar coci ke yi a ɗakin jiyya, tunda littattafan da za su karanta a can a kan piyano da jita aka rubuta yawancinsu. Sannan a je Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da manhaja, a je hukumar da ke rajistar masu gashin ƙashi da masu gyaran magana a nemi gurbi. Idan an zo ɗaukar ɗalibai, a fara da waɗanda suka riga suka gama digirin farko, kuma a ƙidaya su da yawan masu sa ido, kada malami guda ya riƙe fiye da biyar ko shida. Na san ofishin kuɗi na jami'a zai fi son ɗari biyu, domin kowane kai yana da kuɗin rajistarsa. Wannan ita ce gardamar da Ƙungiyar Ɗalibai za ta shirya wa tun yanzu, tunda mu ne za a miƙa wa takardar, kuma ƙannenmu da iyayenmu ne ke kwance a Barnawa.