Giris ɗin da bai shiga ba

A unguwannin bayan gari na Amurka, inda gidaje da yawa ke da filin ciyawa, akwai wani ɗan inji mai ƙafa huɗu da ake hawa kamar ƙaramar tarakta ana yanke ciyawa da shi. Kamfanoni irin su John Deere da Husqvarna ne ke ƙera shi. A ƙarƙashinsa akwai wuƙaƙe masu juyawa da matuƙar gudu, kowace a kan sanda mai boris. A jikin gidan boris ɗin, da kuma gatarin ƙafafun gaba, sau da yawa za ka ga wani ɗan tsinin ƙarfe da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ta nan ake ɗura giris. Ina ganin a cikin wannan ɗan ƙarfe akwai darasin da ya fi girmansa.

Bakin giris, kamar yadda zan kira shi a nan, Amurkawa suna ce masa zak, daga sunan Oscar Zerk, injiniya haifaffen Biyana wanda ya sami rajistar mallakar fasaharsa a 1929. Aikinsa mai sauƙi ne. A cikinsa akwai ƙwayar ƙarfe da ƙaramin sifirin ke tokare da ita. Idan aka ɗora famfon giris aka matsa, ƙarfin matsin sai ya tura ƙwayar ciki, giris ya wuce zuwa boris. Da an cire famfon sai ta koma ta rufe ƙofa, ƙura ba ta samun hanya.

Matsalar tana farawa ne idan an daɗe ba a waiwaye shi ba. Tsohon giris ya bushe ya haɗu da ƙasa da tsatsa, ƙwayar ta maƙale. Ranar da aka zo ɗurawa, giris sai ya riƙa fitowa ta gefen bakin famfo yana taruwa a waje. Mai aikin ya ga ƙarfe ya yi maiƙo, ya goge hannunsa ya tafi da zaton ya gama. Boris kuwa yana can yana juyawa a bushe, yana zafi yana cin kansa, har ranar da zai fara kuka, sanda ta lalace, bel ya tsinke.

Gyaran ba shi da wuya. A kashe inji, a zare makulli, a cire wayar fulogi don kada ya tashi hannu na kusa da wuƙa. A goge wurin, a kwance bakin da ƙaramar sifana. Wani lokaci jiƙa shi a kalanzir ya isa, amma sabo ba shi da tsada, don haka sauyawa ta fi. Sai dai a kula da haƙoran murɗinsa: injinan Amurka da yawa suna amfani da awon inci, 1/4-28, na Turai da Asiya kuma awon milimita, kamar M6. A ido suna kama da juna, amma wanda ya tilasta ɗaya a ramin ɗaya zai cinye haƙoran ramin, ƙaramin aiki ya zama babba. Akwai kuma irin da ba shi da haƙora, bugawa ake yi ya shiga.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na tsakiya. Kafin a ɗaura sabo, dole a tono busasshen giris da ke cikin ramin da ɗan waya, domin sau da yawa can ne toshewar take. A gwada sabon bakin a famfo tun yana hannu, a ga giris ya fito ta bayansa. Bayan an ɗaura, a matsa a hankali, domin famfon giris yana da ƙarfin da zai iya fasa robar da ke tsare boris. Shaidar kammala aiki ita ce giris ya shige ba tare da ya dawo waje ba.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce marar amfani, tunda yanzu ana ƙera boris rufaffe, mai giris ɗinsa tun daga masana'anta. Hujjarsu tana da ƙarfi: ba ya buƙatar wanda zai tuna da shi. Amma rufaffen boris ba ya karɓar magani, ranar da ya gaza sai a jefar a sayi wani. Wannan ciniki ne mai kyau ga wanda kantin kayan gyara ke kusa da gidansa. Ga wanda zai jira kaya su zo daga ƙetare da farashin dala, injin da ake iya ciyar da shi giris ya fi rufin asiri.

A nan ne batun ya shafe mu. Irin wannan bakin giris yana jikin taraktocin gonakinmu, da manyan motoci, da injinan gyaran hanya, kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa. Muna shagalin ƙaddamar da sababbin injina, amma da wuya a ji an tambayi wa aka ɗora wa alhakin giris, ko an sayo famfo da 'yan bakunan canji tare da injin. Shekara kaɗan sai a gan su jere a harabar ma'aikata, tayoyi sun sace, a ce injinan ne ba su da inganci.

Ga mai kula da kadarar ofis, ko makaranta, ko gona, shawarata ɗaya ce. Idan bakanike ya kawo takarda cewa an sa giris, kada a tsaya a kan sa hannu. A je wurin injin tare da shi, a ɗora famfo a kan kowane baki, a ga wanne ke karɓa, wanne ke tofarwa. Wanda ya tofar, a sauya shi a ranar.