Ƙungiyar Motsa Jiki Ce Ko Fadar Alhaji?

Babu abin da ya fi kafa ƙungiyar motsa jiki sauƙi a garuruwanmu, kuma babu abin da ya fi ta saurin lalacewa. Magidanta goma sha biyar za su haɗu, likita ya tsorata uku daga cikinsu da maganar hawan jini, sai a yanke shawarar fita sassarfa a Filin Sukuwa na Kano ko Dandalin Murtala na Kaduna. Madalla. Amma kafin ɗigon gumi ya sauka a goshin kowa an zaɓi shugaba, mataimaki, sakatare, ma'aji da jami'in hulɗa da jama'a, an naɗa iyayen ƙungiya, an buga riguna masu tambari, an sayi sababbin kambas. Wata uku bayan nan rigar tana nan, muƙamin yana nan, tumbin ma yana nan, har ya ƙara faɗi.

Ni ban ɗora laifin a kan lalaci ba. Mutumin da ke barin shimfiɗarsa a tsakiyar hunturu ya tafi jam'in Asuba ba za a koya masa tashi da wuri ba. Abin da ke kashe ƙungiyoyin nan kara ce, irin karar da ta rikiɗe ta zama munafunci. Mun kwaso girma da muƙami daga ofis da kasuwa mun shigo da su fili, alhali fili bai san darakta ba.

Ku lura da yadda abin ke gudana. Ƙaramin ma'aikaci ya makara da minti goma, a yi masa ca, a ci shi tara, a yi ta tsokanarsa. Alhaji ya ɓace sati uku, ran da ya ga dama ya iso da ƙarfe takwas saura, direba ya buɗe masa ƙofa, ya fito da kwalbar ruwa a hannu. Me za ka ji? "Ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari!" "Yallaɓai, ai ka rame!" Bai rame ba. Kowa na ganin yadda rigar ta ɗame shi. Ya yi zagaye ɗaya yana amsa waya, a tsaya a ɗauki hoto, ya zaro kuɗi ya biya tarar sati uku har da ta gaba, a tafa masa. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ita kanta tarar kuɗin nan yaudara ce. Ga mai hali, ta zama kuɗin sayen izinin kwanciya. Ga talaka kuma ta zama dalilin daina zuwa gaba ɗaya, don ya san bashi na jiransa. Sa'an nan ina kuɗin ke tafiya? Teburin mai shayi. A nan ne fa haushina ke kai wa wuya. Mutanen da suka yi tafiyar minti ashirin za su zauna a kan benci, a haɗa musu shayi mai kauri, a tuttula madarar gwangwani, a zuba suga cokali uku, ga burodi, ga indomi da ƙwai, wani ya kora da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu ke nan. Su sun kusa cinye rabon yininsu kafin hantsi, kuma mai ciwon suga na zaune a tsakiyarsu ba wanda ya iya riƙe masa hannu.

Hukumar nan dai ta faɗi abin da jiki ke bukata: aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Rabin awa, kwana biyar. Ta kuma ce a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa cika wannan. Ƙungiyar da ke haɗuwa Asabar kawai ta yi hira tana cikin wannan lissafi, da rigarta da tambarinta.

Kuma ɗabi'a ba ta kafuwa da ɗoki. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon hali kan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zame wa mutum jiki, wasu ma sai sun haura kwana 200. Fashin rana ɗaya ba ya rusa ginin. Ma'ana, amfanin abokan fita yana cikin waɗannan watannin farko, ranar da mutum ya yi fashi na biyu, na uku, yana neman ya saki layi. A ranar ake bukatar wanda zai buga masa ƙofa ya ce, "Malam, fito, ina jiranka a waje." Mun iya wannan sarai. Dubi adashi: ranar zubi uwar adashi ba ta duba rawanin kowa, in ba ka kawo ba ɗan aike na bakin ƙofarka kafin Magariba. A kan naira dubu biyar muna da wannan ƙarfin hali, a kan ran ɗan'uwanmu sai kunya ta kama mu.

Wani zai ce tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya gyara wa babba ba. To, a haɗa kowa da tsaransa, biyu-biyu, kowa ya san wanda zai neme shi. A soke tarar kuɗi, wanda ya yi fashi shi zai zagaya ya tayar da sauran a fita ta gaba, ko shi wane ne. A sayi na'urar awon jini guda ɗaya da kuɗin da ake kashewa a kan riguna, domin kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 likita ya kamata ya fara gani, kafin ya shiga tseren nuna isa da yaran da ya haifa. A kawo igiya, a auna tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya masa a ciki: in ba ta haɗu ba, akwai aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san inda za a tsaya. Da an fito da igiyar nan za a fara kallon juna, a rasa wanda zai tunkari uban ƙungiya da ita, sai sakatare ya ba da shawarar a kafa kwamiti ya duba lamarin.