Direba Da Motarsa: An Sa Sabuwar Filta, Mota Ta Ƙi Tashi

Wannan mako zancenmu daga Potiskum ya fito, cikin Jihar Yobe, garin da ya yi suna wajen abu biyu, watau shanu da manyan motoci. Ran Laraba, ranar da kasuwar shanu ke ci, na tsaya wajen da ake lodi, sai na ga wata tirela an cika ta da shanu tun da hantsi za ta Legas, amma har azahar ba ta motsa ba. Ashe bayan an gama lodi ne yaron mota ya tuna da filtar mai, ya kwance tsohuwa ya ɗaura sabuwa. Direba ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Ga rana, ga shanu a matse, har wani bijimi ya durƙusa, mai shi yana ta salati, don ya san in 'yan'uwansa suka tattake shi sai wuƙa.

To, filtar ba ta da laifi. Iska ce ta shiga hanyar mai.

Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya fito da shi yana aiki a 1897, ba shi da fulogi kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sa'an nan famfo ya tura mai ta nozul ya fesa a kanta, wuta ta kama. Nozul kuwa ba ya buɗewa sai da matsin da ya ninka na tayar tirela fiye da sau 20. Mai ba ya matsuwa, saboda haka turin famfo yana isa nozul ɗungum. Iska kuwa matsuwa take yi ta dawo, kamar katifar soso. Sabuwar filta fanko take zuwa, cike da iska, in ba a fitar da ita ba ko an kwana ana murɗa makulli aikin banza ne.

Fitar da ita ba wuya. A kan filta akwai ɗan noti, a sassauta shi. A kama famfon hannu a yi ta bugawa. Da fari kumfa za ta fito, kada a gaji, sai an ga mai yana zuba garau ba kumfa, sa'an nan a ɗaure notin hannu na kan bugu. In babban famfo yana da nasa notin, a yi masa haka. Kafin duk wannan, a duba ko tsohuwar roba ta maƙale a mazaunin filta, domin roba biyu a wuri ɗaya ƙofar iska ce. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A bar sitata ta huce.

A tsofaffin injuna, irin na Mercedes 911, in mota ta ƙi tashi duk da haka, makanikai kan sassauta bututun nozul a murɗa makulli har mai ya feso. Amma ina jan kunnen masu sababbin motoci, waɗanda kwamfuta ke raba musu mai: matsinsu ya kai ninki 200 na tayar tirela, yana iya huda fatar hannu ya shiga nama. Su ma kada a ɗura wa filtarsu mai daga jarka, don man da ba a tace ba zai wuce kai tsaye zuwa nozul.

Abin da ya fi damuna shi ne direban da irin wannan ta taɓa samu ya kan ɗauki tsoron filta, ya bar ta har ta toshe da datti da ruwa, ta tsayar da shi a dajin da ba makanike. A ganina a canja ta kan lokaci, amma ran Talata, mota ba kaya, a bar injin ya yi aiki minti 10 a ga ko yana shan iska.

Tirelar nan dai, da makanike ya zo, bai fi minti 15 ba ya gama. Neman aron batir ne ya kai su la'asar, bijimin kuwa sauke shi aka yi.