Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyar Milwaukee Bucks



Tun da Indiana Pacers ta yi waje da mu a zagayen farko na wasannin fitar da gwani na NBA a 2025, shekara ta uku a jere muna faɗuwa a nan, kan magoya baya ya rabu. Wasu na cewa a yi musayar Giannis Antetokounmpo da matasan 'yan wasa, a sake sabon gini. Ni ban yarda ba.

Wannan yaron, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, ku kuka ɗauko shi a 2013 yana siriri kamar kara. Shi ya zuba maki 50 a wasa na shida na zagayen ƙarshe da Phoenix Suns a 2021, ya kawo kofin da Milwaukee ta yi shekara 50 tana jira.

Matsalar tana ga 'yan wasan da ke kewaye da shi. Kun ba da Jrue Holiday don samun Damian Lillard a 2023, tsaron baya ya yi rauni tun daga nan. Ku nemo masu tare hanya da masu jefa ƙwallo daga nesa. Don Allah ku bar mana Giannis.

Naku,
Mai goyon bayan Bucks